Mai Gadin Takalma Ya Tafi Hawan Lilo

Akwai wani dattijo a unguwarmu da na sani ciki da bai, domin duk safiya sai mun haɗu da shi a madubi. Da yake jikokinsa sun iya karatu, surukansa kuma suna sayen mujalla, za mu sakaya sunansa, mu riƙa ce masa Alhajin kawai. Shekarunsa 67, ya cinye 40 daga ciki a Kantin Kwari yana auna yadi. A watan Fabrairun 2025, ana saura ’yan makonni azumi, ya ɗauki jaka ya tafi Abu Dabi shi kaɗai don ya hau lilo.

Kafin a yi masa dariya, a ji uzurinsa. Tun da aka fara yi masa haihuwa, babu Sallar da ba ta ƙare masa a gindin lilo ba. A cika mota da yara, a nufi Gidan Zoo ko wani filin wasa, ya biya tikiti, su ruga. Shi kuwa aikinsa ɗaya ne, ya nemi benci ya zauna. Wannan ta cire takalmi mai tsini ta ajiye masa, wancan ya tuɓe hula ya ɗora masa a cinya, a kawo ragowar alawa mai danƙo a damƙa masa, a cika masa da goyon da ya yi barci. Ya yi wa ’ya’ya wannan gadi, bai ankara ba jikoki suka karɓi layi. Shekara 30 da ɗoriya yana biyan kuɗin lilo, ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba.

Ba shi ne uban farko da benci ya dama ba. Walt Disney da bakinsa ya ba da labarin yadda yakan kai ’ya’yansa mata biyu wani lambu mai suna Griffith Park a Los Anjalis, su hau lilon dawakai, shi ya zauna a benci yana cin gyaɗa, yana tunanin me ya hana a gina wurin da babba da yaro za su yi wasa tare. Daga wannan zama Disneyland ta fito, aka buɗe ta ranar 17 ga Yuli, 1955. Benci iri ɗaya, gyaɗa iri ɗaya. Ba’amurke ya tashi da daula, Alhajin ya tashi da ɓawo a gaban riga.

Wadda ta kunna wutar jikarsa ce ’yar sakandare, wadda yake kira amarya. Wani dare ta miƙo masa waya, ga wani jan jirgi yana tsaga iska a kan dogo, mutanen ciki baki a wangame.

“Angona, wannan ko a mafarki ba za ka iya ba,” in ji ta.

Ya tambayi inda abin yake. Ta ce sunansa Formula Rossa, a cikin Ferrari World, tsibirin Yas, Abu Dabi. Nan ne maganar ta soke shi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana zirga-zirgar Dubai saro kaya, ya san kowane lungu na Naif a Deira, ya san ofishin kago, ya san masallacin da ake saurin idar da salla da gidan abincin da ba sa rowar miya. Tun watan Nuwamban 2010 aka buɗe wannan wuri, tafiyar awa ɗaya da ’yan mintoci daga inda yake kwana, kuma ko sunansa bai taɓa ji ba.

Sai dai a Kano tafiya ba ta tafiya sai da dalili. Ana zuwa Hajji da Umara, ana zuwa saro kaya, ana zuwa ganin likita a Masar ko Indiya, ana zuwa yayen ɗa a jami’a. Babu gurbin da aka ware wa mai furfura ya ce zan je in yi wasa. Matarsa Hajiya ta saurare shi har ƙarshe, ta ajiye carbi a gefe.

“Alhaji, lilo fa ka ce? Lilo irin na yara?”

“Na manya.”

“To Allah ya kiyaye hanya. Amma ka rubuta mana wasiyya, ka kuma faɗi inda takardun gida suke.”

A majalisa bai yi gangancin faɗin gaskiya ba, bai kuma yi ƙarya ba. Ya ce zai je duba wani ƙarfe. Nan take wani amininsa ya ja shi gefe, ya ce in harkar rodi ce, a sa shi a ciki ko da kwantena ɗaya. Babban ɗansa kuma ya kawo shawarar a bari sai hutu, a tafi da yara gaba ɗaya. Alhajin ya ƙi ƙememe. Ya san ƙarshen wannan shawara: ya biya kuɗin jirgin mutum tara, ya ƙetare teku, a nuna masa benci.

Shiri ya yi shi irin na ɗan kasuwa. Ya sayi sabon littafi mai layi, amarya tana karanto masa daga intanet, shi yana rubutawa yana juya lissafin zuwa ma’aunin da ya sani. Jirgin yana kai gudun kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa 4.9. Ya rubuta a gefe: Kano zuwa Kaduna a awa ɗaya. Dogon ya kai kimanin kilomita 2, akwai tudu mai tsawon mita 52, tafiyar duka minti ɗaya da rabi ce. A lokacin babu jirgin lilon da ya kai shi gudu a duniya. Akwai gurbin da jiki kan ji nauyinsa ya ninka sau 4.8. Alhajin kilo 80 ne, ya buga lissafi ya samu 384, ya rubuta: buhun siminti takwas, saura kaɗan. Ya daɗe yana kallon wannan layi. Tikitin shiga dirhami 300 da ɗoriya, dala kuma dirhami 3.67 take tun shekaru aru-aru ba ta motsi, to amma a Wapa dala tana wajen naira 1,500 a lokacin. Kuɗin ƙofa kaɗai ya haura naira 100,000, ban da jirgi, ban da biza, ban da masauki. Wannan shafin bai nuna wa Hajiya ba.

Irin waɗannan wurare duk suna kafa allo a bakin layi, suna gargaɗin mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai ciwon baya ko wuya, da mai juna biyu, kada su hau. Ba ado ba ne, kuma duk dattijon da labarin nan ya ba sha’awa ya fara da wannan allo. Alhajin ya je asibiti. Likitan yaro ne sa’ar autansa, ya auna jini, ya manna masa wayoyi a ƙirji, ya juya masa wuya hagu da dama, sannan ya kalli bidiyon har sau biyu.

“Baba, zuciyarka lafiya lau, jininka daidai. Ni ba jirgin nake ji maka ba, ƙafa nake ji maka. Wuraren nan yawo ne da su. Ka tafi da tsohon takalminka mai taushi.”

Alhajin ya yi godiya, ya fito, ya wuce kai tsaye ya sayi sabon sau-ciki baƙi mai ƙyalli. Ai ba a zuwa ƙasar mutane da silifas.

Har atisaye ya yi. Ya je tasha ya biya kuɗin gidan gaba a motar haya ta Zariya, ya sauke gilashi ƙasa, ya ce da direba kada ya ji komai. Direba kuwa abin nema ya samu. Allura ta taɓa 130, hula ta nemi tashi, Alhajin ya dafe ta da hannu ɗaya yana murmushin jarumta. Sai a hanyar dawowa ya tuna cewa 130 rabin abin da ke jiransa ne da ɗan kai.

Babbar dabararsa, wadda ya ja wa layi biyu a littafi, ita ce zaɓen rana. A duk shekarun da ya yi yana zuwa Dubai daga 2006, Juma’a da Asabar ne hutu, Lahadi kowa ya koma aiki, yara su koma makaranta. Saboda haka ya sayi tikitin Lahadi, yana hango kansa shi kaɗai a fili kamar mai gida. Abin da bai sani ba, tun watan Janairun 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta mayar da hutun mako Asabar da Lahadi, Juma’a kuma rabin rana. Zuwansa na ƙarshe a 2019 ne. Ilimin shekara shida da suka wuce ya yi guzuri da shi, bai tambayi kowa ba, don tsohon ɗan Dubai ba ya tambaya.

Ya sauka a Deira, domin nan kaɗai ya sani, ya tashi da asuba ya yi shiga: farar babbar riga ta shadda mai aiki har ciki, zanna bukar da ta sha kari, sabon takalmi. Hujjarsa ita ce in abin ya zo da ƙarar kwana, a same shi cikin mutunci. Tasi ta ɗauke shi ta miƙa titin Abu Dabi. Tun daga nesa ya hango jan rufin nan mai faɗin gaske, kusa da filin tseren Yas Marina inda ake gasar Formula 1 tun 2009, da tambarin baƙin doki tsaye a kan ƙafafun baya. Dokin ya burge shi. Ya ce ko a hawan Daushe mai wannan ingarma sai an tafa masa.

Daga nan ya ga jama’a. Larabawa, Indiyawa, Turawa, ’yan Rasha, ’yan Sin, kowa da ’ya’yansa, kekunan jarirai jere kamar adaidaita sahu a Bata. Gani ya kori ji.

A ƙofa aka ce ya nuna tikiti. Tikitin zamani ba takarda ba ce, wani zane ne mai kusurwa huɗu kamar hatimin malamai, amarya ta ɗauki hotonsa ta ajiye masa a waya. Matsalar ita ce wayar Alhajin tana ɗauke da duk hoton da aka taɓa turowa a WhatsApp, daga gaisuwar Juma’a zuwa samfurin leshi. Ya nuna wa yarinyar ƙofa katin ɗaurin auren ɗan maƙwabci. Ya nuna mata rasidin wuta. Ya nuna mata wani rago da aka yi masa talla tun layyar bara. Layi ya taru a bayansa, ita kuwa murmushi kawai take, har ta karɓi wayar cikin ladabi ta nemo hatimin da kanta.

Yana shiga, wani yaro ya sheƙo ya riƙe masa hannun riga, uwar ta ɗaga waya ta ɗauki hoto. Sai ga wasu ma’aurata, su ma suka tsaya gefe da gefe. Alhajin ya gyara tsayuwa, ya saɓa riga, yana jin daɗin yadda ake girmama baƙo a ƙasar nan. Sai da wata mata ta tambaye shi ƙarfe nawa zai fara wasansa, sannan ya gane an ɗauka yana cikin ma’aikatan da ake sa wa kaya don nishaɗin yara. Hoto bakwai ya ɗauka kyauta.

Cikin ginin ya kai faɗin murabba’in mita 86,000, wato filin ƙwallo 12 a ƙarƙashin rufi ɗaya, ga sanyin na’ura kamar hunturun Jos. Kafin ya gano bakin layin jirginsa ya zaga wurin sau biyu, sabon takalmi kuma ya fara gabatar da kansa a dunduniya.

A bakin layi aka yi masa bayani a hankali cewa duk abin da iska za ta iya ɗauka ba ya hawa. Waya, jaka, littafi, hula. Babbar riga ma, aka dube ta sama da ƙasa, aka girgiza kai. Ya nemi akwatin ajiya, ya ninke shaddarsa ya saka, ya tsaya da ’yar ciki da wando. Hular ce ta fi yi masa ciwo. Sanƙon da ko surukansa ba su taɓa gani ba, ga shi yana sheƙi a gaban al’ummar duniya. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan ’yan tsaki. Sannan aka miƙa masa wani tabarau mai roba irin na masu walda, domin dogon a waje yake cikin sahara, kuma a wannan gudu ƙwayar yashi ko ƙwaro ɗaya ya isa ya ɓata ido.

Ya yi fiye da awa a tsaye. Duk bayan ’yan mintoci sai a ji wata ƙara ta wuce, ihu ya bi bayanta, sai ya ji cikinsa ya amsa. Sau biyu ya auna hanyar fita da ido. Abin da ya riƙe shi ba jarumta ba ce, shafin nan ne da bai nuna wa Hajiya ba. Can sai ma’aikaci ya ɗaga yatsa ɗaya yana neman mutum guda da zai cike gurbi, domin jirgin mutum 16 yake ɗauka, bibbiyu a jere, kuma kowa da abokin zamansa. A duk layin Alhajin ne kaɗai gwauro. Wannan ce fa’ida ɗaya tak da zuwa shi kaɗai ta yi masa, ita ce kuma ta hana shi damar guduwa.

Abokin zaman nasa wani tsohon Bajamushe ne siriri, ya ce shekarunsa 74, kuma hawansa na uku ke nan tun safe. Alhajin ya so a ce yaro aka ba shi, ko ba komai ya samu wanda zai yi wa nasiha.

Aka ɗaure bel, aka danne cinya da ƙarfe. Jirgi ya gangara waje a hankali, ya tsaya cak a kan miƙaƙƙen dogo, rana tana dukan sanƙo. Shiru. Ya ce bari ya karanta addu’ar hawa abin hawa. Kalmar farko ya fara.

Sauran addu’ar tana nan a inda jirgin ya tashi. Ba inji ne a cikin jirgin ba, wata igiyar ƙarfe ce ake fizga da ƙarfin matsin mai, ta cilla shi kamar dutse a danƙon harbin tsuntsu. Kumatuna, wato kumatunsa, suka koma wajen kunnuwa suna kaɗawa kamar tuta. Gemu ya rabu gida biyu. Ya buɗe baki zai yi salati, iska ta shiga ta ƙi fita. Kafin ya tantance sama da ƙasa jirgi ya haye tudun nan, cikinsa ya tsaya a can sama, shi ya gangaro, buhunan simintin da ya lissafa a Kano suka sauka a kansa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yi ƙwange. Ya yafe wa duk masu bashinsa na Kwari, har da wanda ya gudu Agadas. Ta gefen tabarau ya hango Bajamushe hannuwa a sama yana dariya. Kuma ga abin da bai faɗa wa kowa ba sai yau: a wajen lanƙwasa ta uku ko ta huɗu, ya ji wata murya tana ihun murna irin na yaron da aka saya wa sabon keke, ya duba, ashe daga bakinsa take fita.

Jirgi ya tsaya. Kowa ya miƙe, ban da mutum ɗaya. Bajamushe ne ya kamo shi ta hammata.

A hanyar fita akwai allunan da ke nuna hoton da na’ura ta ɗauka ana tsakiyar gudu. Ya daɗe yana neman kansa bai gani ba, sai da wani abu ya ƙyalla a jere na uku. Fuskar ba tasa ba ce, babu mai shaida ta ko a kotu, amma haƙorin Makkan da ya sa a 1998 yana nan yana walƙiya a tsakiyar hoto. Ya ciro kuɗi zai saya, ya tuna kuɗin suna cikin riga, riga tana cikin akwati, lambar buɗe akwatin kuma ya rubuta ta tsaf a littafi don kada ya manta, littafin yana ƙarƙashin riga. Sai da ya siffanta wa ma’aikaci aikin wuyan rigar da launin hular, da Turancin kasuwa da Larabcin Deira, kafin aka buɗe masa.

Ya mayar da girmansa jikinsa, ya nemi masallacin cikin wurin, ya haɗa Azahar da La’asar ƙasaru, da wata natsuwa da ya daɗe bai samu irinta ba. Daga nan ya gano abin da ya dace da shi tun farko, wasu ƙananan motoci masu buɗaɗɗen sama da ke bi a hankali ta cikin ɗan samfurin garuruwan Italiya, ana kiran wurin Bell’Italia. Ko mai turin baro zai wuce su. Sau uku ya hau, da hularsa a kai.

Wajen ƙarfe huɗu maganar likita ta tabbata. Dunduniya biyu duk sun yi bororo. Ya lallaɓa ya samu benci, ya zare sau-cikin ya ajiye a gefe, ya miƙe ƙafa, ya lumshe ido. Bai yi minti biyar ba ya ji an yi masa sallama. Wani Bamisire ne da matarsa da yara uku, ya dubi furfura, ya dubi farar riga, ya ga amana tsantsa.

“Ya Hajj, minti biyar kawai,” ya ce, ya jingina masa keken jariri da jakunkuna biyu.

Ganin haka wasu Indiyawa suka kawo nasu. Wata yarinya da za ta shiga wurin tsalle-tsalle ta cire takalmanta ta jera su kusa da nasa, ko tambaya ba ta yi ba. Minti biyar ta zama awa ɗaya da rabi. Ƙaramin ɗan Bamisiren da ya dawo ya ba shi ladan ragowar gugguru, Alhajin ya zauna yana ci ɗaya-ɗaya, yana jiran irin tunanin da ya zo wa Walt Disney. Abin da ya zo masa shi ne kuɗin tasin komawa Deira.

Hoton ya riga shi isa gida, domin ya yi kuskuren tura wa amarya ita kaɗai, da sharaɗin sirri. Kafin ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, dangi har na Damagaram sun gani. Hajiya ta sa an wanke shi babba, ta rataye a falo inda baƙi ke zama. Aminin nan na majalisa ya zo ya tsaya a gabansa ya daɗe, sannan ya ce shi dai ya janye daga harkar rodi.

Da Ƙaramar Salla ta zo, aka cika mota da jikoki kamar kullum. Wannan karon Alhajin ya tattara takalman ya zube wa babban ɗansa a cinya, ya gyara hula, ya shiga layin lilon dawakai. Da aka zo kansa, yaron da ke karɓar tikiti ya rusuna.

“Baba, ka yi haƙuri, na yara ne. Ba zai ɗauke ka ba.”

Ya fara yi masa bayanin kilomita 240, yaron ya ce Allah ya ƙara girma, ya nuna masa benci. Takalma 11 ya yi gadi a ranar, ɗaya har yau ba a ga ɗan’uwansa ba.